Itatuwa Bakwai na Bakin Marmaro

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Wannan takarda ta fito daga hannun mahaifinka, Dauda mai mazarƙwaila na ƙasar Dandamisa, zuwa gare ka, Tanko. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na ruwa da na mutum. Innarka tana gaishe ka, yayyenka mata duk suna gaishe ka.

Na san ba za ka ga takardar nan ba sai ka isa masauki ka buɗe akwati, don tsakanin rigunanka na cusa ta lokacin da ka fita sallama da dangi. Ka yi haƙuri da rubutun. Bokon yaƙi da jahilci ne, da furfura na koye shi, layina ba ya tafiya a miƙe. Kwana huɗu ina fama da ita. In ka ji akwatin ya fi yadda ka san shi nauyi, kada ka zazzage shi tukuna, ka fara gama karatu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Amsar wata magana ce da ka yi mini na kasa ba ka ido da ido.

Ka tuna ranar da ɗan kwangilar nan na Zariya ya tsayar da lorinsa a bakin fadamarmu. Ya zagaya itatuwa bakwai ɗin da suka rage a kan marmaro yana ƙwanƙwasa su da sanda kamar mai sayen tukunya. Ya ce masu gasa burodi da masu busar da taba suna neman itace ido rufe. In na ba shi kalmata, zai kawo mini injin matsar rake mai shan mai, in huta da doki. Na ce masa a garin nan ba a sarar ɗanyen itacen da ke kan ruwa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Na sani, Malam Dauda. Ni ma ba ɗanye nake so ba. Itace ai yana bushewa, kuma ba sauri nake yi ba." Ya ce zai dawo ya ji amsa idan an fara sarar rake.

Da ya tafi ka ce mini, "Baba, ka karɓa mana. Itatuwan nan tsofaffi ne, bushewa za su yi. Kuma zamanin itace ya wuce. Ƙasa ta dawo hannunmu, an ce mai ya ɓulɓulo a kudu ba ya ƙarewa, ga shi za a tare kogin Kwara a yi lantarki da ruwa. Nan gaba wa zai nemi itace?"

Na yi shiru, ka ɗauka ƙauyanci ne. Tsoro ne, Tanko. Kai ka ji mutumin yana maganar tsufan itace. Ni kuwa na ji ainihin abin da yake nufi, don na san yadda itace yake bushewa a fadamar nan, kuma daga murmushinsa na gane wani ya gaya masa na sani.

Bari in faro maka daga kakanka, Allah Ya jiƙansa. Shi ya fara dafa mazarƙwaila a gidanmu, lokacin da injin ƙarfen nan mai doki ya shigo ƙasar Makarfi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: rake shi zai dafa kansa. Ɓawon da inji ya matse ya fitar, a shanya shi a rana kwana uku ko huɗu ana juyawa, in ya bushe shi ake turawa murhu. Wutarsa ba ta da nauyi, fal-fal take ci, sai mutum ya tsaya a kanta yana ba ta. Kasko biyu a yini, in an dage uku. Toka a mayar da ita fadama. Baɗi rake ya sake fitowa, ya zo da ruwansa, ya zo da makamashinsa.

Da aiki ya dawo hannuna na raina wannan. Jini yana tafasa, ga lorori sun fara zuwa kasuwar Makarfi suna kwasar mazarƙwaila zuwa Kano, wanda ya fi kawowa shi ake kira da suna tun daga nesa. Sau ɗaya na gwada gungumen maɗaci, na ga kasko ya tafasa kafin in gama alwala. Shi ke nan, na daina shanya, ɓawo ya zama tsibi yana ruɓewa a bayan murhu. Kakanka a lokacin ƙarfi ya ƙare, yana zaune a inuwa yana kallona. Wata rana ya ce, "Dauda, wutar nan taka akwai ƙarfi. Wa ya shuka mata abincinta?" Na yi dariya na ce, "Baba, daji ai ba ya ƙarewa." Bai sake tanka mini a kan maganar ba har ya rasu.

To ka ji kuskurena na fari. In ka tarar da wata hanyar aiki mai nawa a hannun tsofaffi, ko a can inda za ka, kada ka yar da ita sai ka tambaya abin da nawar take tsarewa. Ni ban tambaya ba, na ɗauka rashin wayo ne.

Cikin 'yan shekaru busasshen itacen da ke kusa ya ƙare, don ba ni kaɗai na koyi wutar gungume ba. Sai idona ya koma kan kurmin marmaro. Kai ba ka taɓa ganinsa da cikarsa ba. Itatuwansa sun haura talatin: maɗaci, ɗorawa, kanya, ɓaure, malmo. Da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka, ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin saiwoyi yana gangarawa fadama rani da damina. Ka kuma san al'adarmu. Itace mai rai a kan ruwa ba a sa masa gatari, ko a gonarka yake, mai unguwa ba zai bar ka ba, mutane ma ba za su ci abinci da kai ba. Amma wanda ya bushe da kansa na mai gona ne, ba mai tambaya.

Abin da zan rubuta yanzu ban taɓa furta shi da bakina ba. Ranar kasuwa, in gari ya watse, rana ta take, sai in ce ciwon kai nake yi. In saɓi gatari in sauka fadama. In tone ƙasa a gindin itace kamar taƙi guda, in sassaƙe ɓawonsa in kewaye shi tas, in mayar da ƙasa in tattake, in watsa busasshen ganye a kai. Itacen bai ma san an kashe shi ba. Damina ɗaya zai yi ganye kamar ba abin da ya faru, ta biyu ya fara kakkaɓewa, sai ka gan shi tsaye a bushe. Mutane su wuce su ce, "Allah Sarki, maɗacin Dauda ya mutu." Ni ma in kaɗa kai in ce Allah Sarki, in ɗauko gatari in sare shi a gaban kowa. Haka na yi ta yi, ɗaya bana, biyu baɗi, har na daina ƙirgawa.

An gaya maka fari ne ya cinye kurmin nan, ni ma na sha gaya maka haka. Ba fari ba ne. Ubanka ne, da hannun nan da yake rubuta maka takarda. Ina roƙonka, duk abin da sai ka jira mutane sun watse kafin ka yi shi, ka bar shi, ko da ba dokar da ta kama ka. Ni al'ada ban taka ta a fili ba ko sau ɗaya, ta ƙarƙashin ƙasa na bi mata.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Ba za ka tuna Buba ba, kana goye. Bafillace ne daga wajen Kurmin Kogi, duk rani yakan sauka a gonarmu ta tudu da shanunsa, su ci kara su bar mana taki, su sha a marmaro. Yakan hau maɗaci ya sassaro wa shanu ganye, yadda Fulani suka saba, reshe kuma ya sake tohowa. Da itatuwa suka yi ta mutuwa, sai mutane suka ce sassaben Buba ne. Aka kira shi ƙofar mai unguwa, ina zaune a wurin.

Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, ubana ya ciyar da shanu da itatuwan nan, ni ma na ciyar, ba su mutu ba. Ciwon nan ba daga sama yake ba, daga ƙasa yake." Ya juyo ya dube ni. A idonsa na gane ya gani, wataƙila wata saniya ce ta tone gindin ɗaya da kofato. Bai tona ni ba, ya bar mini ƙofa in shigo da kaina. Mai unguwa ya ce, "Dauda, kai ne mai wurin. Me ka gani?"

Na ce, "Ni ban ga komai ba."

Aka ce Buba kada ya ƙara sauka a ƙasarmu. Ranar da zai tashi ya aiko wa innarka da ƙwaryar man shanu, ya tsaya a ƙofar gida ya ce mini, "Mun sha ruwanku shekara da shekaru, Dauda. Allah Ya bar muku shi." Ban taɓa jin zagin da ya yi mini zafi kamar addu'ar nan ba. Gonar tudu tun daga nan ba ta ƙara ganin taki ba, ka san abin da take bayarwa yanzu. An ce yana wajen Ikara, ya tsufa. Sau uku ina ɗaura niyyar zuwa neman gafararsa, ƙafata tana ƙi.

Na kawo maka wannan ne don aikin tare Kwara da za ka babban aiki ne, kuma na lura duk inda aka hura babbar wuta akwai wanda ake ɗora wa kayanta ba a tambaye shi ba. An ce in aka tare kogin nan ruwa zai hau gonaki da garuruwa da kaburburan mutane. Ban sani ba ko gaskiya ne. In gaskiya ne, ka je ka gaishe su, ka san sunayensu, kada su zama maka mutanen da kake hange daga kan mota. In kuma wata rana aka zaunar da kai aka ce me ka gani, ka faɗi abin da ka gani, ko da aikin zai tafi.

Sakamakon kuwa a gabanka aka yi shi, sai dai ba ka san tushensa ba. Marmaron da yake gudu har damina ta zagayo, yanzu kafin bazara ta yi nisa sai an sa ƙoƙo ana kwalfa. Raken ƙasan fadama ya daina yi, namu da na maƙwabta waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. Innarka da take tsintar ƙirare a bayan gida, yau sai ta doshi hanyar garin Taba tun hantsi, ta dawo bayan azahar da ɗan abin da bai kai girki biyu ba. Sauran ta cika da kara da busasshen kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma gona. Tarin nan da kake jin tana yi, hayaƙinsu ne. Ni na ƙona itatuwan gari don kaskona ya yi saurin tafasa, ita take shaƙar abin da ya rage.

Ta sani kuwa. Sau ɗaya tak ta yi magana, shekaru da yawa da suka wuce. Tana miƙo mini ruwan wanka ta ce, "Malam, na ga ɗanyen ƙaro a bakin gatarinka ranar kasuwa. Na wanke." Kada ka zama mijin da matarsa take wanke masa irin wannan, Tanko, nauyin ya fi ƙarfin mace ɗaya.

Yanzu maganar mai. Kada ka ce ubanka yana ƙin zamani. Ni na fara sayen fitilar kananzir a unguwarmu, har na sa innarka ta zubar da fitilun kasko na man kaɗe, na ce kayan da ne. Shekarar da ruwa ya cinye gadar hanyar Zariya, mota ta yi makonni ba ta shigo ba, kananzir ya ɓace, sai ga mai fitilar zamani yana aika yara gidan tsohuwar da ya yi wa dariya a aro masa ta kasko. Wannan fitila ce kawai. Ka duba in injin matsar rake ne, na sayar da doki, rake yana kwance a sare, ka kuma san rake ba ya jira, kwana biyu ya fara tsami. Doki ciyawar fadamata yake ci. Inji kuwa abincinsa yana hannun mutanen da ban san su ba, a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Kuma an ce man nan daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi. Wa ya zuba shi a can? Ana shuka shi? In an kwashe, damina tana mayarwa? Na tambayi direbobi a kasuwa, ba wanda ya sani, sai dai su ce yana da yawa. Ranar da ka ce mini ba ya ƙarewa, muryata na ji a bakinka, ranar da nake gaya wa kakanka daji ba ya ƙarewa. Ina jin tsoron ƙasar nan tamu sabuwa ta yi abin da na yi: ta ɗanɗani wuta mai ƙarfi, ta bar shanya, ta manta yadda ake yi, sai ranar da gungume ya ƙare a rasa mai tunawa. Wataƙila ba a zamanina ba, wataƙila ba a naka ba. Amma jikokinka fa? Nakan kuma yi tunanin hayaƙin. A ɗakin girkin innarka na ga inda hayaƙi yake zuwa, jinka ta yi baƙi ƙirin, ƙirjinta ma haka. To na lorori da jiragen ƙasa da injunan duniya duka, ina yake tafiya? Ku da kuka yi makaranta wataƙila kun sani, ni dai ban yarda ɓacewa yake yi ba.

Abin da ya sa ban hana ka tafiya ba shi ne, a duk wutar da na ji labari, wannan ta ruwa da za ka koya ita ta fi kama da ta kakanka. Ba ta da hayaƙi, in ji ka, kuma ruwa yana dawowa duk damina. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na yi alfahari da kai a masallaci fiye da yadda ya kamata. Ka koye ta da kyau, kada ka tsaya a ɗaura waya, ka san cikinta. In akwai wadda ake yi da rana ko da iska, ita ma ka sa kunne, don waɗannan ba mai sare su. Sai dai ka riƙe abu ɗaya. Kogin nan da za ku tare ba daga sama ya faɗo da girmansa ba, ƙananan idanun ruwa irin namu ne suka taru. In kowane ƙauye yana da Daudansa mai gatari ranar kasuwa, wata rana yashi za ku tare. Saboda haka itatuwa bakwai ɗin nan da ka ce zamaninsu ya wuce, aikinka ma a kansu yake tsaye.

Saura abin da ya fi ba ni tsoro, ba kuma ɗan kwangila ba ne. Ni ne.

Dokinmu ya tsufa, ka gani, yana zagaya inji yana tuntuɓe. Bayana ya ƙi, kai kuma da kake kama mini ka tafi. Tun da mutumin nan ya yi maganarsa take yawo a kaina, ina salla tana zuwa. Na ɗauka na tuba tun shekarun da na bar bakwai ɗin nan. Ranar kasuwar da ta wuce, kai ka tafi sayen akwatin nan, gari ya watse. Ban san lokacin da na sauka fadama ba. Na tsinci kaina durƙushe a gindin babban maɗacin da ruwa yake fitowa ƙarƙashinsa, na riga na tone ƙasa. Na kai sara ɗaya, Tanko. Ɓawo ya ɓalle, jan ruwa ya biyo.

Sai na ji an ajiye tulu a bayana. Innarka ce ta zo ɗiban ruwa. Ta dube ni, ta dubi ramin, ta ce, "Malam, yau ma ba ka je kasuwa ba?"

Na kwaɓa laka na shafe saran, na mayar da ƙasa. Muka hau gida tana gaba da tulu ina baya. A tsakar gida na buga ƙota da turmi har ruwan gatarin ya fita. Ita ta naɗe shi da tsohon zanenta. Shi ne nauyin da ka ji a ƙasan akwatinka, yanzu kana iya dubawa.

Za ka ce ai gatari bai ƙare a gari ba. Haka ne. Amma maƙerinmu shi ya ƙera wannan, in na je neman wani sai ya tambaye ni ina na da. Maƙwabci ma ba zai ara mini ba sai ya ji me zan sara. Tambayar nan nake so ta tsaya tsakanina da marmaro, tun da na gwada na ga zuciyata ita kaɗai ba ta isa ba. Na share wurin shanya na kakanka, bana da ɓawo zan dafa, kasko biyu a yini, masu dariya su yi. In ɗan kwangila ya dawo zan ce masa gatarina yana wurin ɗana a bakin Kwara.

Ka riƙe mini shi. Kada ka sayar, kada ka ba wani aro. In rani ya yi tsanani na aiko maka da takarda na ce ka turo shi, ko na ce shinge zan gyara, ko na rantse maka, kada ka turo. Wannan kaɗai ne umarnin da na yarda ka saɓa mini a kansa, ita takardar nan ce shaidarka.

Ka tsare salla. Ka ci halas. Kada ka taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, an ce tana kisa ba ta jira. Ka riƙa rubuto wa innarka ko layi biyu ne, zan karanta mata. Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga wutar duniya da ta lahira, Ya sa ka fi ubanka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ranar da ka dawo, kada ka fara shigowa gida. Ka sauka fadama da kayanka a ka, ka ƙirga itatuwan nan, ka tone gindin kowanne ka duba. In bakwai ne kuma lafiya lau, ka hau ka gaishe ni. In ba su cika ba, ka kira ni gaban mai unguwa ka tambaye ni me na gani, kada kuma ka bari in ce ban ga komai ba.

Wassalamu. Ni ne mahaifinka,

Dauda